YAKUWA DA RAMA A BAYAN GIDA: KO SUNA CUTAR DA YARA DA DABBOBI?

Manoma sukan tambayi malaman gona ko akwai haɗari a shuka yakuwa da rama inda yara ke wasa, awaki da kaji ke kiwo. Amsa ita ce babu. Yakuwa, wadda wasu ke kira sure, da rama, dangin kuɓewa ne, ba su da guba. Ganyen yakuwa miya ne, zoborodonta abin sha, gurguzunta kuwa da shi ake daddawar batso. Akuya ta ci lafiya lau, sai dai in ta cika ciki da ɗanyen ganye mai raɓa cikinta yakan kumbura, kamar yadda ɗanyar harawa ke yi mata. Kare ko kyanwa in sun tauna da yawa, iyakarta amai ko zawo. Karan rama na da 'yan ƙayoyi masu sa ƙaiƙayi. Wanka da sabulu ya isa.

Inda haɗarin yake shi ne feshi. Mun saba shuka yakuwa a gefen gonar wake ko auduga. Ranar da ka yi feshin maganin ƙwari, iska takan kai shi kan ganyenta, da yamma yarinya ta tsinko a kai tukunya. Malam manomi, ka duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin gwangwanin, ka gaya wa iyalinka, kada kowa ya tsinka ko ya yanko wa dabba sai sun cika. Gwangwanin da ya ƙare kuma a huda shi, kada ya zama moɗa.

Sai kuma maƙwabtan yakuwar a jikin shinge, waɗanda a ganina su ya kamata a fi tsoro. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da gardi kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci, su kama amai da gudawa. 'Ya'yan zurma sun fi muni, ƙwaya kaɗan in an tauna suna iya kisa. Zaƙami yakan gusar da hankali, nonon tumfafiya kuma yana ɓata ido. Ka tumɓuke zurma da zaƙami daga inda yara ke kaiwa tun kafin su yi 'ya'ya.

In yaro ya ci ɗaya daga cikinsu, kada a tsaya ɗura masa manja ko tilasta masa amai. A kai shi asibiti nan take, a riƙe reshen abin da ya ci ko gwangwanin maganin a nuna wa likita. In dabba ce, a nemi malamin dabbobi.