Gonar Kwari Daban, Ambaliya Daban

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ba ya kiran gonarsa ta kwari ambaliya. Haka ya gaje ta, ya san inda ruwa ke kwanciya, kuma da ita yake ciyar da gidansa. Ambaliya kuwa rana gare ta, kamar wadda ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi a daminar 2020. Haka tsakanin galahanga da ƙarancin natsuwa a gefe guda, da taɓin hankali a ɗaya gefen, yake.

Na farkon biyu da su ake tashi. Yaron da tun yana goye ba ya haɗa ido, yana tsala ihu idan aka sauya masa kwanon tuwo, shi ne magidancin da yau ya fi son zaman shagonsa da hirar majalisa. Wanda malamin allo ya gaji da zane shi saboda ƙiriniya, shi ne ɗan kabu-kabun da kullum yake cigiyar makullinsa. Likita ma ba ya cewa babba na da ƙarancin natsuwa sai alamun sun faro kafin shekara 12. Shi kuwa taɓin hankali riskar mutum yake yi, galibi daga ƙarshen samartaka zuwa shekara 30. Mutum yana zaman lafiyarsa sai ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya haƙiƙance maƙwabci na zuba masa guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nau'in da ake kira sikizofiriniya na damun kusan mutum 1 cikin 300.

Likitocin Turai ma sun daɗe suna cakuɗa galahanga da taɓin hankali, sai a 1971 Israel Kolvin a Ingila ya nuna cewa larurar da ke farawa kafin shekara 3 daban take da mai zuwa dab da balaga.

Amma fa gonar kwari ita ruwa ke fara ci. Binciken da aka yi kan rajistar asibitocin Suwidin da Denmak ya nuna taɓin hankali ya fi yawa ga manyan da suka tashi da ɗaya daga larurorin biyu, kuma akwai ƙwayoyin gado da suke tarayya a kai. Duk da haka mafi yawansu har su tsufa ruwan bai shigo musu ba.

Me ke buɗe madatsar? Wiwi na kan gaba, musamman ga saurayin da ke zuƙarta wai don kansa ya lafa. Sai kwana da kwanaki babu barci. Ko maganin ƙarancin natsuwa na asibiti yana da ɗan nasa: wani binciken Amurka na 2019 ya sami sabon taɓin hankali ga kusan 1 cikin 660 na matasan da suka fara shan sa. Kaɗan ne, amma ya isa hujjar kada kowa ya saya a kemis ba da takardar likita ba.

Kuskurenmu iri biyu ne, kuma na biyun ya fi ba ni tsoro. Ana ganin mai galahanga yana magana shi kaɗai, a ce iska ce, a sa masa mari. Ko kuma ciwon gaske ya same shi, a ce “ai dama haka yake”, a bar shi shekaru.

Tambayar ɗaya ce: haka yake tun fil azal, ko canzawa ya yi? Uwa ko yayar da ta goya shi ta fi kowa sani. Idan ya daina wanka, ya bar sana'ar da yake so, yana amsa wa wanda babu, to a nufi asibiti a Birnin Kebbi, ko na ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Addu'a ba ta hana magani. Kuma don Allah a tafi da wanda ya san ƙuruciyarsa, domin ita likita zai fara tambaya.