Ko Ka Sani? Allon Maɓallan Kwamfuta Ma Kayan Kiɗa Ne

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙaramin situdiyon haɗa waƙa, a Dogon Dutsi ne ko Doso ko Birnin Kebbi, in ya zuba wa hannuwan mai haɗa kiɗa ido zai ga wani abu. Hannun dama na riƙe da linzamin kwamfuta, shi kowa ke kallo. Amma na hagu ne ke ɗauke da nauyin aikin. Yana kwance a kusurwar allon maɓallai, ƙaramin yatsa bisa Ctrl, babban yatsa na shawagi kan dogon maɓallin nan na ƙasa. Mawaƙi ya ja baiti a gaban makirfo, numfashi ya yanke masa a tsakiya. Kafin ya buɗe baki ya ce a sake, an tsayar, an goge, an koma farkon ɗango, kiɗa ya sake tashi a kunnensa.

Wannan saurin ba tsafi ba ne, yanke ne. Kusan kowane umarni a cikin manhajar haɗa kiɗa yana da hanya biyu. Akwai doguwa, wadda za a ja linzami zuwa sama, a buɗe jerin umarni, a nemo wanda ake so, a latsa. Akwai kuma ta yanke, wadda maɓalli ɗaya ko biyu ke gamawa. Mai tafiya kasuwar Matankari da ƙafa ya san bambancin bin titin mota da ratsawa ta gonaki.

Abin da ake tsere da shi a situdiyo ba agogo kaɗai ba ne. Murya tana da zafinta. Mawaƙin da ya shiga cikin waƙa, in aka bar shi tsaye yana jiran a lalubo wani abu a fuskar kwamfuta, sai karsashinsa ya huce, baitin da zai sake ya fito salam. Ga ƴan amshi da suka taso daga Geceme ko Kore Mai Ruwa suna son su sami motar komawa kafin magariba. Ga janareto yana shan mai. Kowane ɗayan waɗannan dalili ne da ke sa mai haɗa kiɗa ya haddace maɓallansa har yatsunsa su riƙa zuwa da kansu.

Daga keken rubutu zuwa ɗakin waƙa

Ba don kiɗa aka ƙera wannan allo ba. Jerin haruffan da ya fara da Q, W, E, R, T, Y ya samo asali ne daga keken rubutun da Christopher Latham Sholes ya ƙirƙira a Amurka, wanda kamfanin Remington ya fitar kasuwa a 1874. Wasiƙa da lissafin ofis aka nufa da shi.

Bayan shekara ɗari, a cikin shekarun 1970, wani masanin kwamfuta mai suna Larry Tesler da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox da ke Kalifoniya suka tsara dabarar yanko rubutu ko kwafarsa a manna shi a wani wuri. Kwamfutocin Apple na 1983 da 1984 ne suka ɗora waɗannan umarni a kan haruffa huɗu da ke jere a layin ƙasa: Z don janye abin da aka yi, X don yankewa, C don kwafa, V don mannawa. Suna kusa da juna, hannu ɗaya na iya kai musu ba tare da ya ɗaga ba. Tesler ya rasu a 2020, amma duk yaron da ya kwafi amshi ya manna shi bayan baiti na biyu a wani shago a Tibiri, da dabararsa yake aiki.

Manhajojin da aka fi ji a bakin masu haɗa kiɗa a ƙasar Hausa biyu ne. Cubase ta kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ta fito a 1989. FL Studio kuwa ta kamfanin Image-Line ce a Beljiyam. Didier Dambrin ne ya rubuta ta, ta fara fita a ƙarshen 1997 da sunan FruityLoops, aka sauya mata suna a 2003, ko da yake tsofaffin hannu har yau da sunan farko suke kiranta.

Hanyar da waɗannan na'urori suka biyo zuwa Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, sananniya ce. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, har aka riƙa cewa kiɗan fiyano. Daga baya kwamfuta ta haɗiye aikin fiyanon da na teburin tace sauti baki ɗaya. A 2008 Mdou Moctar, makaɗin jita daga Abzinawan Nijar, ya tafi Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da kiɗan na'ura da muryar da aka gyara irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya. A Yamai kuma Hama, wanda ya fara da fiyanon Yamaha, da FruityLoops ya haɗa kundinsa Houmeissa da ya fito a 2019. Dogon Dutsi na zaune ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Kwanni da Maraɗi, iyakar jihar Kebbi kuma na kusa, don haka abin da ya taso daga ɓangarorin biyu kan ratsa ta nan.

Tagogi huɗu, maɓallai huɗu

FL Studio gida ne mai ɗakuna, kowanne da ƙofarsa a layin saman allo. F6 na buɗe jerin kayan kiɗa, inda ake dasa bugun ganga a cikin ƴan akwatuna goma sha shida. F7 na buɗe tagar fiyano, inda ake zana karin waƙa. F5 na kai mutum babban faifan da ake jera waƙa daga farko zuwa ƙarshe. F9 na fito da miksa, wurin daidaita ƙarar kowace murya da kowane kiɗa. In tagogi sun cika fuskar kwamfuta har ba a ganin komai, F12 na rufe su duka a bugu ɗaya.

Dogon maɓallin ƙasa shi ne sarki: danna ɗaya kiɗa ya tashi, danna ɗaya ya tsaya. R na kunna ɗauka. L na sauyawa tsakanin sauraron ɗan guntun da ake gyarawa da sauraron waƙa duka.

Sai Ctrl da B, wanda kamar don waƙar Hausa aka yi shi. Waƙarmu a kan maimaici take tafiya: jagora ya ja, ƴan amshi su karɓa, ganga na juya zubi ɗaya. Mai haɗa kiɗa zai gina zagaye ɗaya mai kyau, ya zaɓe shi, ya danna Ctrl da B, sai kwafinsa ya faɗo daidai a bayansa, ba gaba ba baya. Ya danna sau bakwai, ya sami zagaye takwas. A Cubase wannan aiki Ctrl da D ke yin sa, F3 ke buɗe miksa, G da H kuma ke nesanta waƙar ko kusanto da ita don a ga inda numfashi ya shiga tsakanin kalmomi.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne Ctrl da T. Da an danna su a FL Studio, allon rubutu ya zama fiyano. A allo mai tsarin Ingilishi, Z, X, C, V, B, N, M su ne do, re, mi, fa, sol, la, si. Haruffan S, D, G, H, J da ke samansu su ne baƙaƙen maɓallan fiyano. Layin da ya fara da Q yana ba da muryoyin nan bakwai a mataki na sama. Da yake karin waƙoƙin gargajiya da yawa a kan muryoyi biyar yake yawo, yaron da ba shi da kuɗin sayen fiyano zai iya lalubo karin goge ko na gurmi da Z, X, C, B da N kawai. Dabarar tana da iyakarta. Maɓallin rubutu bai san bugu mai ƙarfi da mai taushi ba, duk ɗaya yake jin su, kuma allo mai araha kan kasa karɓar wasu maɓallai uku in an danne su tare. Sannan muddin fiyanon na kunne, harafin da aka saba kiran wani umarni da shi sauti zai fitar, sai an kashe shi tukuna.

Inda allo biyu suka haɗu

A nan ne Arewa ke da nata labarin. Makarantu da ofisoshin Nijar sun gaji allon Faransa, wanda layinsa na sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y. Kwamfutocin hannu da ake sayowa daga kasuwannin Najeriya kuwa tsarin Ingilishi gare su. A gari ɗaya, wani lokaci a shago ɗaya, sai a tarar da iri biyun.

Bambancin kaɗan ne a ido. A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ta koma gefen L, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa a allon Faransa sai an haɗa da Shift. Amma yatsa ba ya karatu, wuri ya sani. Wanda ya koyi aiki a Sakkwato ya zauna gaban allon Faransa a Dogon Dutsi, ya kai hannu inda ya saba samun Ctrl da Z don ya janye kuskure, Ctrl da W zai danna, wanda a Cubase umarnin rufe aikin ne. Ya nemi Ctrl da A don ya zaɓi komai, ya faɗa kan Ctrl da Q, umarnin fita daga manhajar ɗungum. Sa'arsa ɗaya, manhajar kan tambaya ko a adana kafin ta rufe.

Akwai kuma ruɗanin da Windows ke jawowa. In an saka tsarin harsuna biyu a kwamfuta, danna Alt da Shift tare na juya allon daga wannan zuwa wancan, alhali haruffan da aka buga a jikin maɓallan ba su motsa ba. Mutum na cikin aiki sai ya ga Z ta zama W, ya ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Maganin bai wuce sake danna maɓallan nan biyu ba. Masu kwamfutar hannu su ma suna da tasu: a yawancinsu layin F5 zuwa F12 na ƙara sauti ne ko hasken fuska, sai an haɗa da Fn kafin ya yi aikin manhaja.

Maɓallin da wuta ta koyar

Kaso mai yawa na lantarkin yammacin Nijar daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Doso zuwa Yamai. A watan Agustan 2023 aka katse shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, bai dawo ba sai Maris na 2024. Ko a lokacin da komai ke lafiya, watannin zafi na Afrilu da Mayu sun saba zuwa da ɗauke wuta. Duk abin da ke cikin manhaja wanda ba a adana ba, da wutar yake tafiya. FL Studio kan adana da kanta lokaci-lokaci, amma baitin da aka ɗauka tsakanin adanawa biyu ba ya dawowa, kuma mawaƙi ba ya rera baiti iri ɗaya sau biyu.

Shi ya sa Ctrl da S ya zama kamar numfashi ga ƙwararre: an ɗauki baiti, ya danna, an gyara ganga, ya danna. A FL Studio, Ctrl da N kuma na adana sabon kwafi da lamba a ƙarshen sunansa, tsohon na nan yadda yake. In mai waƙa ya dawo washegari ya ce kiɗan jiya ya fi daɗi, sai a buɗe masa na jiyan.

Akwai yanken da ke buƙatar kunne kafin yatsa. A tagar fiyano ta FL Studio, Ctrl da Q na jawo kowane bugu ya zauna daidai kan layin awo. Ga wanda hannunsa ya kauce, gyara ne nan take. Sai dai daɗin kalangu, da na ƙwaryar da ke raka goge a wasannin Arewa, yana cikin ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da makaɗi ke sakawa da gangan. In aka daidaita komai tsaf, kiɗan zai miƙe kamar tafiyar soja, rausayar ta ɓace. Masu kunne kan daidaita babbar ganga kaɗai, su bar ƙananan bugun yadda hannu ya zuba su.

Mai koyo ba ya haddace waɗannan duka a rana ɗaya. Yakan fara da biyar ko shida, ya rubuta su a ƴar takarda ya manna a gefen kwamfuta, ya hana kansa taɓa linzami a kan waɗannan ayyuka har sai yatsu sun riƙe. Bayan ƴan makonni takardar ta zama ba ta da amfani, sai ya cire ta ya manna wata mai sababbin maɓallai.

Na ƙarshe da ake dannawa a ranar aiki a FL Studio su ne Ctrl da Shift da R. Su ke dunƙule muryoyi da ganguna da amshi su zama MP3 guda. Daga nan waƙar ta shiga memori ko WhatsApp, ta hau babur ɗin ɗan kabu-kabu, ta bi kwarin Dallol Mawri, washegari a ji ta tana tashi daga wayar wani mai shayi a tashar Dumega.