Muhimmancin Jagoranci Ga Likitocin Iyali A Karkara

Likitan iyali shi ne mai duba kowa a gida, tun daga jariri har tsoho, ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko awon ciki, ko hawan jini. Sau da yawa matashin likita kan gama shekara 6 a jami'a da shekara 1 ta sanin makamar aiki, a tura shi asibitin karkara, ya tarar shi kaɗai ne. In babu na gaba da zai tuntuɓa, babu kuma hanyar ƙaro ilimi, sai ya nemi komawa birni, a bar mai naƙuda da doguwar tafiya.

Abin da muke nufi da jagoranci shi ne a haɗa shi da babban likita wanda zai riƙa ziyartarsa, su duba matsaloli masu wuya tare, ya ba shi shawara ta waya, ya kuma shirya shi ga jarrabawar ƙwarewa. Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana ba da shaidar ƙwarewa a fannin likitancin iyali, ana kuma samun horon a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da su taimaka da masauki, ruwa da wuta, a kuma tanadi mai riƙe asibiti idan likita ya tafi kwas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.