Ko Ka Sani? Injin da Ke Rayar da Ƙwayar Halitta Shi Ke Riƙe da Mabuɗin Mutuwarta

Maitokondiriya wani ƙanƙanin inji ne da ke cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, da na dabba, da na tsiro. Ƙwayar hanta guda tana iya ɗauke da shi fiye da dubu, yayin da jar ƙwayar jinin mutum ba ta da ko ɗaya. Aikinsa da aka fi sani shi ne haɗa abin da aka tace daga abinci da iskar oksijin, ya samar da sinadarin ATP, wanda shi ne kuɗin da jiki ke kashewa a kowane motsi, tun daga bugawar zuciya har zuwa tunani.

Tantani biyu ne suka lulluɓe wannan inji, kuma da yawa daga muhimman abubuwan da yake yi, furotin ɗin da ke dashe a jikin tantanin ne ke yin su. Na waje yana da ƙofofi da ake kira VDAC, ta inda ƙananan sinadarai ke shige da fice. Na ciki kuwa a rufe yake ruf, kuma ya tattare ninki-ninki domin ya sami faɗin ɗaukar ma'aikata. A jikinsa akwai rukunin furotin huɗu da ke miƙa wa juna ƙwayoyin lantarki, uku daga cikinsu suna amfani da ƙarfin da ya fito wajen tura ƙwayoyin haidirojin zuwa ɗaya ɓangaren tantanin. Sai su taru a can kamar ruwa a bayan madatsar Kainji, su dawo da ƙarfi ta cikin wani furotin na biyar da ke juyawa kamar farfela, wanda juyinsa ke ƙera ATP. Baturen Ingila Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961. An daɗe ana ja da shi kafin a ba shi lambar yabo ta Nobel a 1978. Abin da babban mutum ke ƙerawa yana kashewa na ATP a wuni guda ya kusa kai nauyin jikinsa.

Tsakanin rukuni na uku da na huɗu akwai wani ƙaramin furotin mai suna saitokurom c, ɗan aike mai kai ƙwayar lantarki daga wannan zuwa wancan. Rukuni na huɗun ne gubar sayanayid ke toshewa, sai ƙwayar halitta ta shaƙe alhali oksijin na nan a cikin jini. Irin wannan guba ce rogo mai ɗaci ke saki, shi ya sa ake jiƙa shi, a matse, a shanya ko a soya kafin a ci.

A jikin babban mutum biliyoyin ƙwayoyin halitta ne ke mutuwa kowace rana bisa tsari. Ƙwayar takan tsuke, ta daddatsa abin da ke cikinta, sannan maƙwabta da ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta ba tare da kumburi ba. A 1972 masana uku a Jami'ar Aberdeen ta Sikotland, John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, suka raɗa wa wannan mutuwa suna afoftosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye. Da ita ake raba yatsun ɗan tayi, waɗanda da fari a haɗe suke da fata kamar ƙafar agwagwa, da ita kuma ake kawar da ƙwayar da bayanan gadonta suka lalace.

Hukuncin wannan mutuwa a kan tantanin waje na maitokondiriya ake yanke shi, kuma furotin 'yan gida ɗaya ne ke jayayya a kansa. Wasu, irin su BCL-2, masu gadi ne. Wasu biyu, BAX da BAK, su ne masu huda. Akwai kuma 'yan rahoto kamar PUMA da BIM, waɗanda ke yawaita idan ƙwayar ta shiga matsi, misali idan haskoki masu illa sun karya mata bayanan gado. Muddin masu gadi sun fi yawa, suna riƙe da masu huda. Da zarar 'yan rahoto sun rinjaye su, BAX da BAK sai su haɗu su zama zobe, su ɓula tantanin waje.

Abin da ke fita ta wannan huda ya ba masana mamaki ƙwarai. A 1996 Xiaodong Wang da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa saitokurom c ne, wato ɗan aiken nan da aka shafe shekaru ana ɗauka numfashi kaɗai ne aikinsa. Idan ya tsallake zuwa ruwan ƙwayar, sai ya manne wa wani furotin mai suna Apaf-1, guda bakwai su haɗu su yi siffar taya, tayar kuma ta farkar da wasu furotin masu yanka da ake kira kasfes. Su ke sassara ƙwayar daga ciki. Shi saitokurom c ɗin bai canza ba ko kaɗan. Gefen tantanin da ya tsinci kansa ne ya mayar da shi daga mai rayarwa zuwa mai shelar mutuwa. Ɓerayen da aka cire wa BAX da BAK gaba ɗaya galibi ba sa daɗewa bayan haihuwa, waɗanda suka rayu kuwa yatsunsu a haɗe suke.

Cuta takan shigo idan wannan ma'auni ya karkata, kowane ɓangare ya karkata. An fara gano BCL-2 a 1984 a cikin wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki. A 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams a birnin Melbon na Ostareliya suka nuna cewa abin da yake yi shi ne hana ƙwayoyin mutuwa. Wannan ya sauya yadda ake kallon sankara, domin kafin nan hankali ya fi karkata ga saurin hayayyafar ƙwayoyi. An ɗauki kusan shekara talatin kafin binciken ya haifi magani. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da venetoclax, wanda ke kwaikwayon 'yan rahoton nan, ya shige aljihun BCL-2 ya tilasta masa sakin abin da ya riƙe. Ana ba da shi ga masu wani nau'in sankarar jini, kuma yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri har abin da ke zubowa daga cikinsu zai iya cutar da ƙoda. Don haka ake farawa da miligiram 20, a riƙa ƙarawa cikin mako biyar har zuwa 400.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai mutuwar da ta wuce kima. Idan jijiya ta toshe a zuciya ko a ƙwaƙwalwa, kalsiyam kan taru a cikin maitokondiriya. Lokacin da jini ya dawo, wata babbar kafa takan buɗe a tantanin ciki, madatsar ta fashe, injin ya kumbura, ATP ya yanke. Ta haka dawowar jinin, wadda ita ce ceto, take ƙara wani kaso na ɓarnar.

Ƙwayar halitta tana kuma da hanyar fitar da injin da ya lalace ba tare da ta mutu ba. Furotin mai suna PINK1 kullum ana shigar da shi cikin maitokondiriya mai lafiya a lalata shi. Idan injin ya rasa ƙarfinsa, shigarwar ta tsaya, PINK1 sai ya taru a bakin ƙofa ya kira wani furotin, Parkin, wanda ke yi wa injin alamar a kwashe shi. An gano Parkin a Japan a 1998, an kuma danganta PINK1 da cuta a 2004. Wanda ya gaji lalataccen kwafin ɗayansu daga uwa da uba yakan kamu da cutar karkarwa ta Parkinson da wuri, sau da yawa kafin shekara hamsin, saboda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suna da yawan buƙatar makamashi, kuma ba sa jure zama da tarin injinan da suka lalace.