Kada Kowa Ya Naɗe Tabarmarsa Shi Kaɗai: Gargaɗi Kan Agajin Borno

Kuɗin agaji ya ja baya a arewa maso gabashin Najeriya, wannan ba labari ba ne. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin hukumar USAID a farkon 2025, wasu ƙasashen Turai ma suka tsuke bakin aljihu, ƙungiyoyin agaji ke ta sallamar ma'aikata. A watan Yulin 2025 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta yi shelar cewa rumbunanta sun kusa zama fayau, mutum miliyan 1.3 na iya rasa tallafi, kuma cibiyoyin kula da tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe na gab da rufewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake janyewar. Kowace ƙungiya tana buɗe littafin kuɗinta ita kaɗai, ta nemo garin da ya fi cin kuɗi ko ya fi haɗari, ta tattara komatsanta. To ai garin da ya yi wa wannan tsada shi ne ya yi wa waccan tsada. Idan aka bar kowa da lissafinsa, wuri ɗaya za a taru a gudu a bari: Rann, Damasak, Banki, Dikwa, Gamboru Ngala, wato garuruwan da ba su da kowa sai Allah sai masu agajin.

Wanda bai san waɗannan garuruwa ba zai ce ai mutane sa yi noma. A ina? An kewaye su da rami, soja na gadin ƙofa, duk wanda ya yi nisa neman itace ko gona ya sa ransa a hannu. Har yau ba a manta da manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Nuwamban 2020 ba. Rann kuwa, da zarar damina ta kankama ruwa ya cinye hanya, sai jirgi mai saukar ungulu ko kwalekwale ta ɓangaren Kamaru. Buhun da bai shiga kafin ruwa ba, sai kaka.

Kuma aikin agaji a irin wannan wuri a sarƙe yake. Wata ƙungiya ce ke zuba man injin rijiyar burtsatse, wata ke kwashe masai, wata ke raba hatsi, wata ke riƙe da asibiti. Ranar da mai rijiya ta tafi ba sallama, mata za su koma ɗiban ruwan kududdufi, cikin 'yan kwanaki amai da gudawa su cika asibitin da ma ba shi da isassun gadaje. Yaron da tamowa ta riga ta raunana ba ya jure gudawar kwana biyu, balle ƙyanda ta zo ta tarar da shi. Kwalarar da ta ɓarke a sansanin Muna Garage a Agustan 2017 ta kama fiye da mutum 5,000 a faɗin jihar kafin a shawo kanta, kuma a lokacin akwai kuɗi, akwai ma'aikata.

Mun ga abin da ke faruwa idan gari ya ɓace wa idon kowa. A watan Yunin 2016 ƙungiyar likitoci ta MSF ta samu shiga Bama, ta tarar da kusan mutum 24,000 a wani sansani cikin harabar asibiti, ta ƙirga kaburbura 1,233 a kusa da sansanin, 480 daga ciki na yara ne. Tsakanin Bama da Maiduguri bai kai tafiyar kilomita 100 ba. Ranar 17 ga Janairun 2017 kuma jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam kan sansanin Rann ana cikin rabon agaji, mutane da yawa suka rasu har da ma'aikatan Red Cross, daga baya binciken soja ya ce ba a sa wa wurin alama yadda ya kamata a taswira ba. Rashin magana tsakanin masu aiki a fili ɗaya ya kashe mutane a nan, ba rashin kuɗi ba.

Don haka ofishin OCHA mai haɗa kan masu agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumomin agajin gaggawa, NEMA da SEMA ta Borno, su zauna da ƙungiyoyin nan tun kafin hadari ya haɗu, taswira ɗaya a gabansu, a bi gari bayan gari: wa ke riƙe da ruwa, wa ke riƙe da asibiti, kuɗinsa zai kai wane wata. Duk mai shirin tafiya ya faɗa da wuri, ya miƙa makullin rijiya da sunayen yaran da ke karɓar magani ga wanda zai gaje shi. In dole sai an rage, a rage a Maiduguri inda akwai kasuwa da asibitin gwamnati. Hukumomin tsaro su ma su yi hattara da rufe ofisoshi dare ɗaya, irin yadda aka yi wa Action Against Hunger da Mercy Corps a Satumban 2019. In akwai zargi a bincika, amma a fara samo wanda zai ci gaba da rabon abincin.

Arewa maso yamma ta fi ban tsoro, domin can tsarin haɗa kan masu agaji bai yi ƙarfin na Borno ba. MSF ta ce yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Gwamnonin Katsina da Zamfara da Sakkwato kada su jira baƙi su kira musu taro. Su kira shi da kansu, su ware kuɗin abincin yara masu tamowa a kasafinsu, a kai kayan ƙananan hukumomi kafin hanyoyi su jiƙe.