Kuɗin Ambaliya Ba Na Rabo Ba Ne

Duk shekara, da ruwan Agusta ya fara rushe katangun ƙasa a lungunan cikin birnin Kano, sai saƙo ya bazu a WhatsApp: wai an turo kuɗin ambaliya daga Abuja, a garzaya a rubuta suna. Nan da nan ƙofar gidan mai unguwa ta cika, 'yan damfara kuma su fito da fom na sayarwa. Na gaji da ganin wannan.

Kuɗin dai akwai su. Tun 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki, har da Dala da Gwale da Birni da Kewaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da jinyar gaggawa.

Inda muka ɓata shi ne ɗaukar da muka yi cewa amfanin kuɗin nan shi ne a raba mana shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano bayan gida ya faɗi. Jama'a, wannan jaje ne. Ainihin aikin kuɗin yana gaban bala'i: a yashe Jakara kafin ruwan fari, a buɗe magudanun da suka toshe a kewayen Kurmi, a ajiye ƙarin ruwa da maganin tsabtace ruwan sha a asibitin unguwa tun kwalara ba ta ɓulla ba. Amma idan aka yi haka sai ka ji ana cewa, “Mu ba mu gani a ƙasa ba.” To me ya fi kwata zama a ƙasa? Ɗan siyasa ya riga ya karance mu. Ya san buhu ana ɗaukarsa hoto, yashe kwata kuwa ba mai yi masa kirari, don haka yake jira sai an yi asara. Kududdufan da ke shanye ruwan birni mu muka cike su da bola muka yi gini, sannan mu ce ƙaddara ce.

Ba damina kaɗai ba. Bazarar Kano takan haura digiri 40, kuma lokacin ne na sanƙarau. Wanda ya ga Asibitin Zana a 1996, shekarar da cutar ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, ya san kuɗin da aka kawo a makare bai tayar da kowa ba. Shiri da wuri kuwa yana ceto: birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa sama da mutum 1,000 a zafin 2010. A 2013 ya kafa tsarin gargaɗi da tanadin ruwa da horar da ma'aikatan asibiti, mace-macen suka ragu. 

Saboda haka kada ka ba kowa ko sisi don fom. Ku haɗu a unguwa tun watan Maris ku tambayi kansila nawa aka ware wa magudanai, wa aka ba aikin. Ku je wurin kwamitin lafiya na mazaɓa ku ji ko asibitinku yana da ƙarin ruwa da allurar sanƙarau. Ku riƙa sauraron hasashen hukumar yanayi ta NiMet a rediyo, liman ya maimaita shi bayan salla. A zafi a riƙa leƙa tsofaffi da masu jego, a rage cunkoson kwana a ɗaki mai taga ɗaya. Yaro ya fara amai da gudawa, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ana ba shi ana tafiya asibiti. Wanda wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi kuwa, kada a tsaya shafe-shafe, a wuce da shi Asibitin Murtala nan take.