Ƙarar Bindiga Tana Cinye Kunnuwan Samarinmu

Bindiga ta yawaita a hannun samari. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a 2024, ga 'yan sa-kai da mafarauta a ƙauyuka, ga 'yan bindigar sarakuna da ke dura albarushi a hawan Sallah. Kowa harsashi yake tsoro, ita kuwa ƙarar an mai da ita ba komai ba, alhali ita ce ke raunata mai harbin kansa duk lokacin da ya ja kunama.

Masu bincike sun auna abin. Sukan jera na'urorin ɗaukar sauti kewaye da bindiga, gaba da gefe da daidai kunnen mai harbi, su fitar da taswirar inda ƙarar ta fi ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙarar da ke fashewa farat ɗaya ta wuce desibel 140 ga babba, 120 ga yaro. Ƙaramar bindiga ma tana kai wa 140, manyan kuma sukan haura 160. Kada a raina tazarar, domin ƙarin desibel 3 kacal ninki biyu ne na ƙarfin sautin. Harbi ɗaya tak na iya kashe 'yan siraran gasun da ke can cikin kunne, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa.

Taswirar ta nuna wanda ke tsaye a gefe, kusa da bakin bindiga, yana iya shan ƙarar fiye da mai harbin. Bango da soro suna mayar da ita. A fili kuwa, duk ninka nisa yana rage desibel 6 ne kawai, don haka ja da baya taku biyu bai tserar da kowa ba. To ina ga yaran da ke kutsawa gindin 'yan bindiga ranar hawa? Mai dafa bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ke fara tafiya, saboda kansa ya kare na daman.

Cutar ba ta zuwa da jini, shi ya sa ake sake da ita. Kunne ya yi ta ƙugi dare da rana, mutum ya ji ana magana a kasuwa amma ya kasa rarrabe kalmomi. A Amurka, wannan ƙugin shi ne lalurar da tsofaffin sojoji suka fi karɓar diyya a kanta. Mai gadin gari da kunnensa ya mutu, yaya zai ji motsin babur cikin dare?

Duk hukumar da ta miƙa wa saurayi bindiga, wajibinta ne ta haɗa masa da abin toshe kunne na gaskiya wajen atisaye, don auduga ba ta tare wannan ƙarar. A duba jinsa kafin ya fara aiki, a kuma riƙa dubawa. Masu shirya hawa su shata wa 'yan bindiga fili, dogarai su janye yara nesa kafin a tashi albarushi.